Layin Jinkiri

Ta danna maɓallin. Sikirin ya yi haske kamar zai amsa, sai ya daskare. Firintar da ke saman na'urar ta turo ɗan harshen takarda fari fat, ta tsaya. Kanar ta zare batirin, ta mayar, ta jira na'urar ta farfaɗo, ta ajiye ta a tebur har ta yi barci, sannan ta sake dannawa. Na'urar ta sake mutuwa.

"Ranki ya daɗe, rundunar ta sake faɗuwa ne?" in ji Dogo, mai yi musu manhajar tikiti, yana sara mata daga kan kujerarsa.

"Ka ji da abin da ke gabanka."

"Abin da ke gabana a kan naki yake zaune, ai dole in leƙo."

Shi ya raɗa mata sunan tun makon da ta fara aiki. An tambaye ta fanninta ta ce kanal, ya miƙe tsaye ya ƙame ya ce ashe soja aka kawo musu. Tun daga ranar har mai gadi Kanar yake ce mata.

Na'urar ta kwandastoci ce, ta yanka tikitin bas. Rabin wuni a aljihu take yi, don haka dole ƙwaƙwalwarta, wadda suke kira furosesa, ta rage gudu ta sha wuta kaɗan, batir ya kai yamma. Da fasinja ya shigo aka danna, sai ta zabura da cikakken gudu. Mai canza mata gudun shi ne kanal, zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai. Sai dai kanal makaho ne, bai san komai game da fanel ɗin, wato allon lantarkin da aka ɗora shi a kai, ba sai abin da aka rubuta masa. Aikin Kanar ke nan. Fayil guda take rubutawa, mai siffanta kayan cikin na'urar: ga matakan gudu kamar tsani, ga ƙarfin wutar da kowane mataki ke buƙata. Ƙa'idar hawa ɗaya ce. A fara ɗaga wuta, a jira ta iso, sannan a ƙara gudu. In gudu ya riga wuta isa, furosesa ta suma.

Abin da ke faruwa ke nan, kuma ta san dalili. Injiniya, dattijon da ya zana fanel ɗin, ya rasa 'yar ƙwayar lantarkin da ke daidaita wuta irin wadda aka tsara, ya sa wata da ya samu a kasuwa. Sabuwar nawa gare ta, a hankali take ɗaga wuta. Kanar ta faɗi haka a gaban kowa a taron makon jiya, da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin, tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su da shi. A fayil ɗinta akwai layi guda da aka tanada don wannan matsala, sunansa da Turanci yana nufin jinkiri. Ta ninka lambar da ke wurin don kanal ya ƙara jira. Na'urar ta ci gaba da mutuwa. Ta sake ninkawa. Da can sai jifa-jifa take mutuwa, yau kuwa kusan duk danni.

Kuma yau mai kamfanin bas zai zo gani da idonsa. Yau ɗin dai wa'adin gwajin aikinta ke cika.

Wayarta ta yi ƙugi a cikin jaka. Ta fita baranda, inda aka jibge kwalayen na'urorin da ba a haɗa ba, ta ɗauka. Yayarta ce.

"Auta, kin ci wani abu kuwa? Kin fita ba ko shayi."

"Na ci, Yaya."

"Ƙarya kike, ina jin yunwar a muryarki. Baban yara ya ce in tuna miki. Kujerar nan ta ofishinsu ba za su ci gaba da riƙe masa ita ba. Ya ce buga wasiƙu ne kawai da amsa waya, ga sanyin na'ura, ga tashi da wuri."

"Na ji tun jiya."

"Ke kika yi alkawari da bakinki a kan tabarmar nan. In ba su tabbatar da ke yau ba, ki bar wahalar nan. Kin rame, Auta. Idonki duk ya faɗa. Ni har yau in maƙwabta suka tambaye ni aikinki ban san me zan ce ba. Rannan na ce kina aiki da kanal, matar nan ta ce Allah ya tsare ku daga harsashi."

Kanar ta so ta yi dariya, amma ta kasa. Ta tuna shekarun da ta yi ita kaɗai mace a ajin, malamai suna tambayarta ko ɓatan hanya ta yi. Ta tuna wuraren da ta kai takardunta aka ce mata sun fi son wanda zai iya ɗaukar kaya. Ta hango kanta a wancan ofishin tana cewa, "Yana taro, a kira an jima," daga safe har yamma, har tsufa.

"Zan kira ki," ta ce, ta kashe.

Ta dawo ta tarar da Manaja tsaye a kan teburinta, na'urar a hannunsa, Dogo a gefensa. Manaja mutum ne mai tsabta, kullum hannun rigarsa a naɗe kamar wanda zai kama aiki, amma ba a taɓa ganin ya kama ba.

"Dogo ya ce akwai hanya," ya ce.

"Ba hanya ba ce, Yallaɓai."

"Ban gama ba. Ya ce in aka goge ƙananan matakan aka bar na sama kaɗai, ba hawa ba sauka, ba za ta mutu ba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne. Amma za ta wuni tana gudu ko ba a taɓa ta ba. Za ta yi zafi a aljihun mutum, batir kuma ba zai ga azahar ba. Kwandasta na tsakiyar hanya da mota cike..."

"Mutumin nan rabin awa zai yi a nan, ba wuni ba."

"Fayil ɗin nan siffar na'ura yake faɗa, Yallaɓai. In na rubuta mataki ɗaya gare ta, na yi wa kanal ƙarya. Kuma na san mu. Abin da aka nuna yau shi za a zuba a kwalayen can, ba wanda zai dawo ya gyara."

Dogo ya sosa ƙeya. "Ni fa shawara kawai na bayar, Kanar. Ko kanal ɗin zai kai ƙara ne?"

Manaja ya ajiye na'urar a hankali. "Malama, ba ra'ayinki na zo nema ba. Kin yi makonni kina cewa saura kaɗan. Ki kulle ta a sama. In ta mutu a hannun baƙon nan, ba sai na ce miki komai ba, kin san inda ƙofa take."

Ya koma ofishinsa. Ta zauna. Goge layukan bai ɗauke ta komai ba. Ta haɗa manhajar, ta ɗora a na'ura guda, ta danna. Tikiti ya fito tsaf. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Kafin ta ajiye, bayan na'urar ya fara ɗumi a tafin hannunta kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Ta tura ta ƙarshen tebur, ta jawo ta biyu.

Sauran suka fita cin abinci. Ita ta sake ninka lambar, ta jira, ta danna. Mutuwa. Ta ƙara sifili a bayanta, abin da ya kamata ya sa kanal ya jira har mutum ya gaji. Mutuwa, tun ma kafin sikirin ya gama haske. Ta kifa kanta a tebur, ƙamshin dalma da ƙurar fanka suka cika mata hanci. Ta ji hawaye na tahowa, ta cije leɓe ta mayar da su, don ta rantse ba a ɗakin nan ba.

Da ta ɗago, ta daina kallon fayil ɗinta. Ta buɗe cikin kanal ɗin kansa, dubban layukan da wasu mutane a wasu ƙasashe suka rubuta, ta shiga bin sawun lambarta. Ga inda aka karanta ta. Ga inda aka miƙa ta. Ta bi ta daga wannan fayil zuwa wancan, idonta na yaji, har ta iso wurin da ake lissafa tsawon jiran.

Ɗan karan layi ne a karkace. Alamar rabawa. Lambarta tana ƙarƙashinsa.

Ta karanta, ta sake karantawa da yatsa a kan sikirin. Kanal yana ɗaukar tazarar da wuta za ta hau, ya raba da lambar. Ashe lambar ba tsawon jira ba ce. Saurin hawan wutar ce. Sunan layin ya ce jinkiri, cikinsa kuwa gudu ake rubutawa. Duk ninkin da ta yi, cewa take wa kanal ƙwayar nan ta fi walƙiya sauri, kada ya ɓata lokacin jiranta. Shi kuma makahon ya yarda da ita.

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi, sannan kunya ta biyo da zafinta. Ba ta da lokacin ko ɗaya. Ragewa za ta yi, amma zuwa nawa? Takardar bayanin sabuwar ƙwayar ba ta da tabbas, kuma mutum ɗaya ne a ginin yake da abin auna ta.

Injiniya yana lungunsa, gilashi a kan hanci, yana cin burodi a kan wata tsohuwar jarida. Ta tsaya a bayansa har ya gama taunawa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa." Bai juyo ba.

"Ina so ka auna min hawan wutar. Daga matakin ƙasa zuwa na sama."

"Ƙwayar tawa mai nawa? Wadda na tsinto a bola?"

"Ban ce bola ba."

"Kin ce kasuwar 'yan gwangwan. Ina zaune, kunnena biyu."

"Har yanzu tana da nawa, Baba, ban janye ba. Amma lambar da nake ba kanal a juye take. Ina ƙara masa sauri ina zaton jira nake ƙara masa."

Sai a lokacin ya juyo, ya dube ta ta saman gilashi. "A juye kamar yaya?"

"Rabawa ake yi da ita."

Kafaɗunsa suka fara girgiza da dariya. "Wato mai nawa tana tafe da sanda, ke kuma kina gaba kina shelar ta iso."

"Ka yi dariyar daga baya, don Allah. Baƙon na hanya."

Ya karkaɗe hannunsa, ya buɗe bayan na'urar, ya dafa siririn tsinken awo a kan wata ƙafa da ido da ƙyar yake gani. A sikirin ɗinsa koren zare ya kwanta, sannan ya fara hawa a gicciye kamar mai hawan tudu da kaya. Ya tsayar da hoton, ya ƙirga gidajen da bakin biro, ya faɗa mata. Ko kusa da lambar da ta gada a fayil ɗin bai kai ba, balle wadda ta ƙara wa sifili.

"Ki rage kaɗan daga wannan," ya ce. "In ta ji zafin rana za ta ƙara lalaci."

"Na sani."

"Na san kin sani, Kanar. Ke ai komai kin sani."

Ta koma da gudu, ta rubuta lambar, ta sa manhajar haɗuwa. Layuka suka fara gangarowa a sikirin, a hankali, kamar da gayya. Ba su kai rabi ba ta ji muryar mai gadi a ƙasa, da wata babbar dariya da ba ta gidan ba. Baƙon ya riga lokacinsa.

Dogo ya leƙo. "Manaja ya ce a kawo na'ura. Wacce ce kullalliyar?"

"Ka ce ina zuwa."

"Kanar, don girman Allah."

"Ka ba shi ruwa, ka nuna masa hotunan tikitinka. Ka iya surutu ai, yau ranarka ce."

Ya tafi yana waiwaye. Manhajar ta gama, ta ɗora, na'urar ta tashi. Ta ajiye ta, ta ƙura mata ido har sikirin ya mutu, ta ƙara jira don ta tabbata ta sauka matakin ƙasa. Ta danna. Firinta ta yi ƙara, tikiti ya fito.

Sau ɗaya. Ko a jiya takan yi sa'a sau ɗaya. Abu irin wannan sai an kwana ana gwada shi, an sa a zafi an sa a sanyi, kafin mai hankali ya ce ya gyaru.

"Malama!" Muryar Manaja ce daga ɗakin taro.

Na'urori biyu a gabanta, kamarsu ɗaya. Ta ƙarshen tebur ba za ta kunyata ta yau ba. Ta miƙa hannu ta taɓa ta, ta ji ɗumin. Ta janye hannun, ta ɗauki ɗayar.

Mai kamfanin bas ƙaton mutum ne mai son hira. Ya karɓi na'urar, ya jinjina nauyinta, ya ce ta yi daidai da aljihu, sai ya ajiye ta a tebur ya shiga ba da labarin yadda ya fara da mota ɗaya mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Sikirin ya dushe, ya mutu. Kanar tana tsaye jikin bango, ta san yanzu furosesa ta gangara can ƙasan tsani. Mutumin ya wuce zuwa labarin direbobi da halinsu. Manaja yana dariya a duk inda ya dace, hankalinsa kwance. Injiniya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, wai wucewa yake.

"To, bari mu ga abin naku," in ji baƙon. Ya ɗauka, ya danna da babban yatsa.

Tikiti ya fito.

Ya yage, ya karanta, ya saka na'urar a aljihu, ya zaga ɗakin yana kwaikwayon kwandasta, "Gaba dai, a matsa ciki, akwai wuri!" Ya zaro, ya danna. Ya fito. Ya mayar, ya sha ruwa, ya amsa waya, ya sake zarowa. Ya fito.

Bayan an raka shi mota, Manaja ya hawo bene da sauri kamar yaro. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya nuna ta da hannu biyu.

"Kun gani? Da kin kulle ta tun makon jiya, da duk mun huta. Ilimi kina da shi, ban taɓa musu ba. Abin da nake jira in gani shi ne ko kina jin magana. Yau na gani. Gwajinki ya ƙare, kin zama tamu. Gobe ki zo ki sa hannu."

Dogo ya fara tafi. Injiniya ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, bai dubi kowa ba. Kanar ta dubi Manaja. Abin da ya rage mata kawai ta ce ta gode.

"Yallaɓai, ba kullalliyar na kawo ba."

Tafin ya tsaya.

"Waccan tana kan tebur. Wannan gyaran gaskiya ne. Na gano inda matsalar take, Baba ya auna min, na rubuta daidai. Matakanta duka suna nan."

Manaja ya sauke hannuwansa. "Yaushe kika gano?"

"Ɗazu."

"Kin gwada kafin ki miƙa wa mutumin?"

"Na gwada."

"Sau nawa?"

Ta dubi idonsa. "Sau ɗaya."

Dogo ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya koma kujerarsa. Manaja ya daɗe yana kallon na'urar da ke hannunta. Ya warware hannun rigarsa guda, ya sake naɗewa.

"Wato kin ɗauki kamfanin nan gaba ɗaya kin ɗora a kan danni ɗaya, bayan na ba ki umarni."

"Eh, Yallaɓai. In aka zuba kullalliyar a kwalaye da sunana, ba zan iya ba. Kuma gara ka ji daga bakina."

"Maganar sa hannu, ki manta da ita tukuna. Ban kore ki ba, don ba ni da wanda zai karanta abin da kika rubuta. Gwaji ya koma farko. Ki tabbatar min abin nan ba sa'a ba ce."

Ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Ta zauna, ta jawo kullalliyar, ta zare mata batir. Ta jera na'urori a tebur, ta fara rubuta ɗan umarnin da zai riƙa sa su barci yana tashinsu, ba hutawa, har gobe. Injiniya ya zo wucewa, ya ajiye mata ragowar burodinsa a gefen kwamfuta.

"Ki sa ɗaya kusa da taga, inda rana ke bugawa," ya ce, ya wuce.

Waya ta yi ƙugi. Ta ɗauka a nan inda take.

"Auta, ya ake ciki? Tun ɗazu zuciyata ke bugawa. Sun ɗauke ki?"

"Sun ɗauke ni, Yaya."

"Alhamdulillahi! Kai, bari in kira Baban..."

"Sai na yi magana."

Yaya ta sauke dogon numfashi. "Wannan bakin naki, Auta. Me kika ce musu?"

"Abin da ya faru. An mayar da ni gwaji."

"To alkawarin fa? Me zan ce wa Baban yara in ya dawo?"

Kanar ta maƙale wayar a kafaɗa, ta ɗauki na'ura guda ta nufi taga.

"Ki ce masa na gode, ya ba wani kujerar. Alkawarin kuma ni na karya, zan zo in faɗa masa da kaina. Ki ajiye min abinci, Yaya. Gaskiyarki ce, ban ci komai ba."